Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ofisoshin gwamnati da na ƙananan hukumomin jihar Tawa: a ba takardar talaka lamba

Assalamu alaikum.

Ranku shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Mai wannan wasiƙa dattijo ne da ya ci ƙuruciyarsa a sashen karɓar wasiƙu na ofis har ritaya ta same shi a can, yanzu kuma yana zaune ƙarƙashin dogon yaro da ɗan teburinsa yana rubuta wa mutane takardun neman buƙata. Na san takarda ta ciki, yanzu ina ganinta ta waje, a hannun masu ita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ke raina.

Roƙona guda ne: kada takarda ta shiga ofishinku ba a ba ta lamba ba, kada kuma mai ita ya fita ba tare da wannan lambar a hannunsa ba. Duk sauran abin da zan faɗa rassa ne na wannan.

Idan aka ce dosiye ya ɓata, mutane sukan ɗauka can cikin ɗakin ajiya ya salwanta, ko a hanyar Yamai. Mafi yawan lokaci tun a minti na farko ya ɓata. Mutum ya taso daga Buza ko Tasara ko Bagaruwa, ya kwana a tasha, da safe ya shigo ofis yana ɗari-ɗari. Duk wanda ya fara gani da riga mai guga shi zai miƙa wa: planto ne, mai gadi ne, ɗalibin da ya zo koyon aiki ne, ko wani ɗan garinsu da ke aiki a wani sashe dabam. Wancan ya karɓa da kyakkyawar niyya, ya ce «to Baba, ka dawo jibi», ya aza a kusurwar tebur. Waya ta yi ƙara, aka kawo shayi, wani ya shigo da nasa dosiyen aka ɗora a kai. Jibi Baba ya dawo, tambayar farko da za a yi masa ita ce: «Wa ka ba?» Sai ya fara kwatance, wani dogo ne mai gilashi, yana da ɗan gemu. Mai gilashin ya tafi misiyo, wato tafiyar aiki. Daga nan Baba ba shi da wata hujja sai rantsuwa, ofis kuma ba shi da wata hujja sai musu.

Akwai wata baiwar Allah daga wajen Keta da ba na mantawa. Mijinta ma'aikaci ne, Allah ya yi masa cikawa, ta haɗa takardun neman haƙƙin marayu: ta aure, ta rasuwa, ta haihuwar kowane yaro, da ta gado da kotu ta ba su. Ni na rubuta mata takardar buƙatar, ta manna tambur, ta shiga wani ofis ta miƙa. Ta yi ta zarya, kowane zuwa da kuɗin mota, kowane zuwa da ƙaramin a goye. In ta fito sai ta zauna a benci na, ta kwance baƙar ledar da take ajiye sauran takardunta ta sake duba su ɗaya-ɗaya, ko da yake ba ta karatun boko, ta ce: «Malam, ko dai ni ce na yi kuskure?» Ba ta yi ba. Da aka daɗe aka gano dosiyenta cikin na wani mutum dabam, ƙaramin ƙarfen maƙale takarda ne ya kama nata ya haɗa da nasa lokacin da aka tara su wuri guda. Babu wanda ya ci amanarta da gangan. Amma damina guda ta wuce marayun nan ba su ga ko dala ba, saboda babu layi guda a rajista da zai ce takardar ta shigo, ga ranar, ga wanda aka miƙa wa.

Ku tuna kuma takardu suna mutuwa. Takardar kotu mai shaida mutum ba shi da laifi, wadda ake nema a kusan kowace jarrabawar ɗaukar aiki, ba a karɓarta in ta wuce wata 3. Yaron da dosiyensa ya kwana a tebur har wa'adi ya cika sai ya sake komai: tambur, fotokofi, bugun hatimin shaida, hotuna, kuɗin mota. Jika nawa ke nan ga ɗan manomi? Wani lokaci kafin ya gama an rufe karɓa, sai baɗi. Jiharmu kuma jihar ƴan ci-rani ce. Saurayin da ke jiran katin ɗan ƙasa ko takardar shaidar zama ɗan Nijar don ya kama hanyar Abijan ko Libiya, in ya gaji da «ka dawo gobe» tafiya zai yi babu takarda, kuma kun san abin da ke jiransa a kowane shinge.

Maganin ba sabon abu ba ne, duk wanda ya zauna ajin sakatariya ya san shi. Ƙofa guda ce ta shigowar takarda, mutum guda ke da alhakinta, da mataimakin da zai zauna in ya tashi salla ko ya yi rashin lafiya. Rajista guda, mai shafuka masu lamba don kada a yage. Takarda na isowa a buga mata hatimi mai kwanan wata, a rubuta lambarta ta jeri a jikinta, a cika layinta: ranar isowa, daga wa, lamba da ranar da ke jikinta in daga wata ma'aikata take, abin da ta ƙunsa a taƙaice, yawan takardun da ke haɗe da ita, sashen da aka tura ta. Sai gurbi na ƙarshe, wanda shi ne zuciyar rajistar: ranar da aka ba da amsa. Mai takarda in ya zo da kofi a buga masa hatimin a kai da lambar. In bai zo da shi ba, kuma mafi yawan mutanen karkara ba sa zuwa da shi, a yanka ƴar takarda kamar tafin hannu a rubuta lamba da rana a buga hatimi a ba shi. A ƙirga takardun a gabansa, a faɗa masa nan take in wata ta rage, a rubuta lambar wayarsa ko ta ɗansa a bangon dosiyen.

Ku je tashar manyan motocin nan na safara ku tsaya ku gani. Mutum zai kawo buhun albasar Galmi zai aika Agadas, yaron tasha ya ɗauki maka ya rubuta lamba a jikin buhun, ya rubuta a kaye, ya yago rasit ya ba shi. Buhun nan zai yi ɗaruruwan kilomita ya isa hannun mai shi. Ashe buhun albasa ya fi takardar gadon marayu gata?

Lamba a ƙofa ba ta isa ba in takarda za ta yi yawo a ciki ba sawu. Tsakanin sakatariya da sauran sassa a sa kayen miƙawa: duk wanda ya karɓi dosiye ya sa hannu da rana. Na san yadda abin ke yi wa wasu nauyi, abokin aikinka ne, tare kuke cin tuwo, ka ce ya sa hannu kamar ba ka yarda da shi ba. To wannan sa hannun shi ke raba ku faɗa ranar da shef ya tashi neman takarda ido ja. Haka in aka ciro dosiye daga kanta, a bar kati a gurbinsa mai sunan wanda ya ɗauka da ranar. Dosiyen da aka ɗauka «minti biyar kawai» shi ne wanda ake nema shekara.

Yanzu, ranku shi daɗe, ga inda maganar ta zo kanku. A ofisoshi da yawa da na sani, wurin da takarda ta fi daɗewa shi ne teburin shugaba. Na ga tebur da mai shi ba ya hango baƙonsa sai ya leƙo ta gefen tulin dosiye, wasu ma suna ɗaukar wannan tulin alamar yawan aiki. Kowane bango a tulin nan mutum ne da ke jira. Abin da ake nema a wurinku kaɗan ne: sa'a guda kowace safiya, kafin baƙi da taruka, a kawo muku wasiƙun da suka shigo, ku rubuta a jikin kowace wanda zai yi aikinta da ranar da kuke son amsa, su fita a ranar. Teburinku ya ɗauki abin da kuke aiki a kai yanzu kawai. Tire uku sun wadatar: na shigowa, na jiran sa hannu, na fita. Kuma don Allah in za ku tafi misiyo, ko taron bita a Ƙonni ko Doso, ko aka kira ku Yamai mai nisan sama da kilomita 500, ku bar wa mai riƙon ƙwarya izinin sa hannu a rubuce kan ƙananan takardu. «Shef bai sa hannu ba» ta cinye wa mutanen jihar nan kwanaki da Allah kaɗai ya san adadinsu. Makullin kabad ma haka: kada ya zama guda ɗaya a aljihun mutum ɗaya da zai iya tafiya suna ko ta'aziyya ƙauye.

Ranar Alhamis da la'asar, tunda Juma'a gajeruwa ce, ku sa a kawo muku rajistar ku bi gurbin ƙarshe da yatsa. Duk layin da ya yi mako biyu babu amsa ku kira mai shi ku tambaya. Ba sai kun yi faɗa ba. Da zarar ma'aikata sun san ana buɗe rajistar nan kowane mako, za ku ga canji kafin wata ya ƙare.

Zan faɗi abin da kowa ya sani amma ake nauyin baki a kai. Hargitsin takardu kasuwa ce. Inda babu lamba babu jeri, inda babu jeri kuwa sanayya ce ke fitar da dosiye, ko na goro. Masu shiga-da-fita da ke tsaye a ƙofofi suna cewa «kawo in shigar maka, na san mutanen ciki» ba su da wani jari sai wannan duhun. Ranar da talaka zai iya cewa lambata 412, yaya aka yi 430 ta fita kafin tawa, ranar cinikinsu ya faɗi. Saboda haka kada ku yi mamaki in kun kawo tsarin nan kuka ji ana cewa ɓata lokaci ne, ko hatimin ya ɓace, ko rajista ta cika ba a sayo wata ba. Ku duba waɗanda suka fi ƙorafi. Tun ranar 23 ga Fabrairu 2011 ƙasar nan take da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar samun bayanai da takardun hukuma. Wanda ba a ba shi ko shaidar an karɓi takardarsa ba, da wace fuska zai nemi wannan haƙƙin?

Game da shirin ɗakin kansa, ƙasarmu ce ke gaya mana abin yi. Gara ba ta da tausayi: kwali in ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bangon laka, kafin a ankara ta mayar da shi turɓaya ta ciki, bangon waje yana nan lafiya kalau. A ɗaga kanta daga ƙasa, a janye ta daga bango, in da hali ta ƙarfe. Hunturu na shigo da ƙura ta kowace kafa, don haka dosiyen da aka gama a sa shi a kwali mai murfi, a rubuta shekara da lambar farko da ta ƙarshe a ƙeyarsa da manyan baƙaƙe. Kafin damina a hau rufi a duba. Ruwan 2024 ya koya wa ƙasar nan duka darasi. Kada a aje takarda ƙarƙashin taga, kada a ci abinci a ɗakin ajiya don ɓera na bin ƙamshi. Matattun injinan buga takarda da karyayyun kujerun da suka cinye rabin ɗaki a yi musu takardar fitarwa a kwashe su, za ku ga ashe ɗakin ba ƙarami ba ne. Teburin mai karɓa ya fuskanci ƙofa, da kanta ko taga tsakaninsa da jama'a, don kada kowa ya shigo ya tsaya kan takardun wasu yana karantawa.

Rajistocin haihuwa da aure da mutuwa su kam a ba su kabad mafi kyau a gidan, ko da na shugaba ne. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, in ya wuce sai an bi ta kotu. Uban da ya cika wannan wa'adi ya sauke nasa nauyi. In bayan shekara 12 yaron ya zo neman kofi don jarrabawa aka tarar gara ta cinye shafinsa, laifin wa?

Wani abu da ke sosa mini rai: na sayi ƙosai an naɗe mini shi a takardar ofis mai sunayen mutane da ranar haihuwarsu da albashinsu. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan sirrin mutane, da hukumar da ke kula da ita. Takardar da ta gama amfani a tantance ta, wadda ta cancanci ajiya ta tafi ajiya, sauran a lalata su a gaban shaida. Kada a bar wa mai shara ya sayar da kilo.

A waje kuma, benci a inuwa da randar ruwa ba su fi ƙarfin kowace ma'aikata ba. A liƙa jerin takardun da ake buƙata ga kowace irin buƙata, da kuɗin tambur, da kwanakin da za a jira. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to a rubuta jerin da Hausa kusa da Faransanci, a boko da ajami, don dattawanmu da yawa ajami suke karantawa. Mutanen Abalak da Cintabaradan da Tiliya kuma a tabbata akwai mai jin Tamashek ko Fulatanci kusa da ƙofa. Rabin zaryar da mutane ke yi, takarda guda ce ta rage ba wanda ya gaya musu tun farko.

Na san amsar da wasunku za su bayar: ai kwamfuta na zuwa, komai zai koma intanet. Allah ya kawo ta, ba na gaba da ita, kuma tun 2017 akwai ANSI, hukumar gwamnati mai kula da harkar kwamfuta da intanet, da aka kafa don wannan tafiya. Sai dai ofishin da bai iya jera takarda a kanta ba, ba zai iya jera ta a kwamfuta ba. Zai tara hotunan takardu dubu marasa suna, a nemi guda a rasa. Lambar rajistar nan ita ce za ta zama sunan takardar a cikin na'ura. Ba mu kuma manta watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, ofisoshi suka zauna da na'urori a kashe. Wanda ke da rajistar takarda shi ya ci gaba da aiki. Sabuwar matsalar da nake gani ita ce WhatsApp. Ana turo wasiƙar aiki a wayar ma'aikaci, ya karanta, ya ce ya gani. Ba ta shiga rajista ba, ba ta da lamba. In aka canza masa wurin aiki ya tafi da wayarsa, ko ta faɗa ruwa, shi ke nan tarihin ya tafi. Duk abin da ya zo ta waya ko ta imel a buga shi ko a shigar da shi rajista kamar kowace takarda.

Ba zan rufe ido kan halin da masu karɓar wasiƙu ke ciki ba, don cikinsu na fito. A wurare da yawa kujerar nan ita ake ba wanda ba a san inda za a kai shi ba, ko ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan ɗan lokaci, ko ɗalibi mai koyon aiki. Na san matan da ke sayen kaye da bik da tawadar hatimi daga aljihunsu, su sha zagin jama'a kan jinkirin da ba su suka jawo ba. Ku ba kujerar mutum tsayayye, ku tura shi horo, ku sa kuɗin rajista da kwalaye da bangon dosiye a kasafin shekara. Duka-duka ba su kai man da motar ofis ke sha a tafiya guda ba. Jami'ar Djibo Hamani tana nan cikin garinmu tana yaye yara masu ilimin gudanarwa da na kwamfuta, makarantar horon ma'aikata ta ENA tana Yamai. Masu iya aikin ba su yi ƙaranci ba.

Sai batun miƙa aiki. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 aka naɗa shugabannin riƙo, kujeru da dama sun canza hannu, kuma canjin wurin aiki dama ba ya ƙarewa a gwamnati. A miƙa aikin da na halarta a rayuwata, ana ƙirga mota da babur da kujeru da abin da ke asusu, amma da wuya a ce ga jerin dosiyen da ke jiran amsa. Sabon shugaba ya zo ya tarar da tuli bai san kansa ba, ya ture gefe ya fara nasa. Ku sa wannan jerin cikin takardar miƙa aiki, mai tafiya da mai zuwa su sa hannu a kai.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma jama'a muna da namu: muna ba ɗan'uwa takarda a gidan biki mu ce ya shigar mana, muna miƙa takardar asali ba mu riƙe kofi ba, muna zuwa ranar ƙarshe da rabin kaya. Ni a teburina ina gaya wa duk wanda na rubuta wa: kada ka ba kowa sai mai rajista, kada ka fito sai da hatimi. Amma sau da yawa sukan dawo su ce: «Malam, sun ce ba a yin haka a nan.» Wannan amsar ku kaɗai ke iya kashe ta.

Abin da nake roƙo ba ya jiran izini daga Yamai, ba ya jiran tallafin wata ƙungiya. Takardar umarni ce ta cikin gida mai layi kaɗan, da sa hannunku, a liƙa a ƙofa: daga ranar kaza, takarda ba ta shiga sai ta wurin wane, kuma duk wanda ya kawo takarda yana da haƙƙin karɓar lambarta. Mu tsofaffin sakatarori da ke cikin garin nan muna da yawa, wasu suna gida, wasu suna bakin masallaci. Duk wanda ya aiko a kira mu za mu zo mu zauna da yaranku mako guda, mu ja musu layukan rajista, mu jera kanta tare da su, ba ma neman ko sisi.

Allah shi taimake ku kan nauyin da ya ɗora muku. Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin sashen wasiƙu, Tawa